Buhun Gero a Kujerar Direba

Duk wanda ya leƙo rumfata a Ƙofar Wambai, ya ga keken ɗinki da almakashi da tulin soso, sai ya ɗauka tela ne ya rasa masu kawo shadda ya koma ɗinka wa mota riga. Ku ma samarin da kuke zuwa kuna cewa in koya muku cikin hutun makaranta ɗaya, haka kuke gani. A wurinku ai yanka leda ne, a shafa gam, a lulluɓe. To ku gyara zama ku ji. Sunana Habu, ana ce mini Habu Mai Kujera, kuma tun ba a haifi yawancinku ba nake kwance kujerun mota ina ɗaurawa. Ɗinki shi ne mafi sauƙi a cikin sana'ar nan. Wahalar tana wurin mutumin da zai zauna a kan abin da ka ɗinka.

Kujerar farko da aka bari na taɓa ta wata tsohuwar tasi ce, ledarta ta yage, sosonta ya zama gari. Maigidana, Malam Ɗanjuma, baduku ne ɗan baduku. A gidansu tum-tum da jakar fata ake ɗinkawa, shi ne ya bar fatar akuya ya kama ledar mota. Bai ba ni almakashi ba, bai bar ni na matsa kusa da keke ba. Sufana ya miƙo mini, ya ce in kwance kujerar in fito da ita rana, in zo in gaya masa wane irin mutum ne mai ita. Na ce ai ban taɓa ganinsa ba. Ya ce kujerar ta gan shi. Da na kasa, sai ya durƙusa ya nuna mini. Gefen hagu ya lotsa har ƙarfe, na dama kuwa kamar sabo. Majinginar ta murɗe ta kalli ƙofa. Malam ya ce wannan direban a karkace yake zama, gwiwar hannu a taga, hannu ɗaya a sitiyari, kuma in ba a yi sa'a ba jikinsa ya riga ya bi kujerar. Da la'asar mai tasin ya zo, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu.

Na daɗe ina kwancewa da ɗaurawa kafin a ba ni alli in yi zane, na kuma daɗe ina zane kafin a ba ni almakashi. Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne yana da halinsa. Akwai basilla ta ɗinkin hannu a lungun da keke ba ya shiga. Akwai filaya ta maƙale leda a jikin waya. Keken namu ba irin na telan kaya ba ne, mai nauyi ne, yana huda leda ninki-ninki bai yi tari ba. Zare kuma sai wanda gumi ba ya ruɓar da shi, don direban Kano a watan zafi jiƙa kujera yake yi sharkaf. Soso iri biyu ake haɗawa, mai tauri a ƙasa ya ɗauki nauyi, mai laushi a sama ya karɓi jiki. Wanda ya zuba mai laushi zalla, ranar farko mai mota zai sa masa albarka, kafin damina ta fita kuma yana zaune a kan ƙarfe. Sai abin da ba ku taɓa sunkuyawa kun duba ba, wato ƙarafan nan biyu da kujera take gudu a kansu gaba da baya. Mu layi muke ce musu. In layi ya mutu, kujera ta mutu, ko da ledarta tana sheƙi.

Aikin da ba na mantawa a zamanin soja shi ne na Ilu Gajere, direban wagon mai jigilar fasinja a hanyar Katsina. Lokacin Malam Ɗanjuma ya riga ya sallame ni, na buɗe tawa rumfar. Ilu ya zo ne in yi wa kujerunsa sabuwar leda don ya kai motar wurin dillalai. Ya ce tuƙi ya ƙare masa, ciwon baya ya kai shi ga yin sallah a zaune. Da na buɗe ƙofa sai na ga dalili. Wanda ya sayar masa da motar dogo ne, layin ya lalace, aka sa mai walda ya liƙe kujerar da ƙasan mota can baya. Ilu ya ɗora katako da matasan kai biyu, yana zama a gaɓar kujera, yana taka kuloci da kan yatsa, bayansa a iska tun daga Kano har Katsina.

Na roƙe shi ya bar mini motar kafin dillalai su gan ta. Na sa aka yanke waldar. Na je Ƙofar Ruwa na tono layi masu lafiya a cikin tarin ƙarafa, na wanke su da kananzir, na shafa giris. Na ƙara wa mazaunin tudu da soso mai tauri. Sannan na zaunar da shi, na ce ya tura ɗuwawunsa har ƙarshen kujera, ya taka kuloci har ƙasa. Na riƙa matso da kujerar har sai da ƙafar ta kai ƙasa gwiwa tana da ɗan lanƙwasa. Na ɗaga majingina ta miƙe, da ɗan kwanciya kaɗan. Na ce ya miƙa hannu ba tare da kafaɗarsa ta bar majingina ba, wuyan hannun ya sauka a saman sitiyari. Na auna tsakanin ƙirjinsa da sitiyari, taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Matashin kai na kujera, wanda ya cire ya jefa but, na ɗauko na mayar, samansa daidai da saman kansa. Ya ce zaman ya yi masa kamar na ɗan makaranta a gaban malami. Na ce ya je ya gwada. Ya tafi Katsina ya dawo, ya sake tafiya ya dawo. Wata rana ya tsaya a bakin rumfata, ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa, ya miƙe, ya shiga motarsa ya tafi. Bai sayar da ita ba.

A wancan lokacin ba mai kallon bel, wato igiyar ɗaure jiki da kujera. Yawancin motocin haya an yanke nasu. Da shi ake ɗaure murfin but in kaya sun yi yawa, da shi ake jan mota in ta mutu, na taɓa ganin an ɗaure rago da shi. Ni kuwa aikina ya sa ina ganin abin da direba ba ya gani. Motar da ta yi haɗari, bayan mai gyaran jiki ya gama bugu, mu ake kawo wa kujerunta. Na ga sitiyarin da ƙirjin mutum ya lanƙwasa. Na ga gilashin gaba da ya yi ƙullutu daga ciki daidai girman kai. Irin waɗannan motocin ƙani ko ɗa ne yake kawo su. Na kuma ga motar da gabanta ya shige ciki, bel ɗinta ya miƙe ya yi tauri, zarensa ya yi sheƙi saboda ƙarfin jan da ya sha. Wannan mai ita ne ya kawo ta da ƙafarsa, yana ta faɗa a kan launin leda.

Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, gari ya buɗe. Motocin Kwatano suka cika Kano. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis da ba su taɓa mafarkin mota ba suka fara saye. 'Yan siyasa suna raba bas-bas, kowace da hoton mai gidanta a jiki. Na ƙara keke na biyu, na ɗauki ma'aikata, har na yi wa rumfar sabon rufi. Ana cikin haka, bayan 'yan shekaru, aka ce doka ta fito: direba da na kusa da shi sai sun ɗaura bel. Jami'an hanya suka fara tare motoci. Motocin Kwatano da nasu suke zuwa, amma tsofaffin motocin haya babu ko ɗaya. Na ce a raina kakarmu ta yanke saƙa.

Ashe ba tawa ba ce. Daura da rumfata, a tsallaken titi, akwai Sale, mai ɗinkin jakunkunan makaranta. Mutumin kirki ne, sahu ɗaya muke sallah. Wani direba ya je masa a gigice ya ce ya ɗinka masa wani abu baƙi da zai rataya a ƙirji ya wuce shinge. Sale ya yanko igiyar jaka, ya kafe kanta a jikin mota da ɗan ƙaramin sukuru, ya sa mata maƙalin roba a ƙasa. Daga nesa ba ka bambanta ta da ta gaske. Direban ya wuce shinge lafiya, ya ba da labari a tasha. Kafin ka ce me, layin motoci a gaban Sale ya kai bakin titi.

Bel na gaske ba igiya ba ce kawai. Yana da ɗan akwatin ƙarfe da ke naɗe shi, wanda in ka ja a hankali zai biyo ka, in ka fizga sai ya cije. Yana da manyan notuna da ke shiga ramukan da aka yi musu musamman a ginshiƙin mota da ƙasanta. Sai na yini a Ƙofar Ruwa ina fizgar bel ɗaya bayan ɗaya, ina warware kowanne har ƙarshe in duba ko ya tsage ko ya taɓa shan haɗari, don wanda ya taɓa riƙe mutum sau ɗaya ya gama aikinsa. Da yawa nake zubarwa kafin in sami na kirki. Dole nawa ya fi na Sale tsada nesa ba kusa ba, ya kuma fi cin lokaci. Direbobi suka ce in yi musu irin nasa. Na ce ba na yi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Wanda ya je wurin Sale don bel, sai ya bar masa ledar kujera ma ya ɗinka, tunda ga keke ga zare. Ma'aikatana suka ga inda aiki yake suka tsallaka titi, ban kuma ga laifinsu ba. Na sayar da keke ɗaya. Damina ta zo da ƙarfi, kwata ta cika ta shigo rumfa, soson da na tara ya sha ruwa ya yi wari, na kwashe na zubar. Sai in buɗe da safe in share, in zauna ina kallon layin motoci a tsallake. Har a gida aka fara tambayata ko igiyar jakar nan haramun ce. Na ce ban sani ba, ni dai na san ba ta riƙe mutum.

Wadda ta hana ni rufe rumfa a shekarar ita ce Malama Asabe, wata ma'aikaciyar jinya daga Zaitawa. Ta sayi ƙaramar motar Kwatano, ga ta da tsohon ciki. Ta zo ta ce in cire mata bel ɗin ko in sassauta shi, yana danne mata ciki yana kuma shaƙe ta a wuya. Na duba na ga ta matso da kujera har cikin yana gogar sitiyari. Na tsaya daga waje ina faɗa tana yi. Ta ja kujera baya gwargwadon yadda ƙafarta za ta kai birki, ta miƙar da majingina. Na sauke maratayin bel na jikin ginshiƙi ya bar wuyanta ya koma tsakiyar kafaɗa. Sauran kuma a jikina na nuna mata: ɓangaren bel na ƙasa ya bi ƙarƙashin ciki ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, na sama ya bi tsakiyar ƙirji ya zagaye gefen ciki, kada ko ɗaya ya hau kansa. Ta gyara mayafinta ta gwada, ta ce yanzu ta ji numfashi. Ta ce a wurin aikinsu suna ganin waɗanda ake kawowa daga hanya, ba sai na yi mata dogon bayani ba. Daga nan ta riƙa turo mini abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Da su na ci abinci har kaka ta yi.

Ilu ma bai bar ni ba. Shi kaɗai ne a tasharsu mai bel na gaske, kuma kullum cikin musu yake. In ya yi magana sai su ce rai a hannun Allah yake. Ya ce haka ne, amma bai ga wanda ya cire birkinsa saboda haka ba. Wasu suka ce bel na gaske shi ne ma haɗari, yana shaƙe mutum, in mota ta kife ya hana shi fita. Shugaban direbobin tashar, Alhaji Tanko, ƙaton mutum ne mai magana a hankali. Shi ya ba Sale izinin shiga tasha yana kafa igiyoyinsa. Da Ilu ya kai ni wurinsa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi damuwarsa kada a tare masa direbobi a hanya, kuma jami'i baƙin layi kawai yake nema a ƙirji. In ina da abin da ya fi magana, in kawo.

A Jakara na samo abin da ya fi magana. Ina wucewa wani ɗan dako ya taho da amalanke a guje, tayar ta daki bakin kwata, amalanken ya tsaya cak, buhunan da ke kai suka ci gaba da tafiya. Na tsaya ina kallo har mutumin ya ɗauka dariya nake yi masa. Washegari na ari wani tsohon amalanken ƙarfe mai taya huɗu, na kai wa mai walda. Muka kafa kujerar mota a kai, muka tsayar da ƙarfe mai kauri a gefenta a madadin ginshiƙi. Na ɗaura bel na gaske da notunansa. Ilu ya kawo buhun gero daga gidansa, muka ɗaure shi a tsakiya ya lanƙwashe kamar mutum a zaune, muka sa masa tsohuwar riga da hula.

A bayan tashar akwai gangara da ta sauko daga tsohuwar ganuwa, a ƙarshenta akwai wani guntun ginshiƙin siminti. Nan muka kai amalanken ranar wata Lahadi da hantsi. Direbobi da 'yan kamasho suka taru, masu shayi suka bar teburansu. Nan take aka raɗa wa buhun suna Alhaji Fasinja. Sale ma ya zo da igiyarsa da sukudireba, don na aika masa cewa shi zai kafa tasa da hannunsa, kada a ce na yi masa maguɗi. Alhaji Tanko ya sa aka kawo masa benci.

Nawa aka fara gwadawa. Ina can ina duba tayoyi, wani matashin direba ya kwantar da majinginar can baya, ya ce ai haka suke zama a hanya, a gwada da zaman gaskiya. Jama'a suka goyi bayansa. Na ga abin da zai faru, amma in na hana za a ce tsoro na ji. 'Yan dako biyu suka turo amalanken daga sama suka sake shi. Ya gangaro yana ƙara, ya daki siminti. Bel ya cije, amma buhun ya sulale ta ƙarƙashinsa ya zube a gaban kujera, igiyar sama ta maƙale a wuyan rigar. Wurin ya kaure da dariya. Wani ya ce ga shi nan, mai tsadar ma shaƙewa yake yi. Sale bai yi dariya ba, amma ya ce ashe duk ɗaya ne.

Na bari dariyar ta lafa. Na ce abin da suka gani gaskiya ne, kuma haka zai faru da duk wanda yake tuƙi a kishingiɗe, ko bel ɗinsa na zinariya ne. Bel ba ya aiki shi kaɗai, sai kujera ta taimake shi. Na miƙar da majingina. Muka mayar da buhun, na tura shi har ƙarshen kujera. Na sauke igiyar ƙasa ta kwanta a inda ƙugu yake, na ja ragowar ta ɗame, na warware murɗiyar da ke ta sama. Aka sake turowa, wannan karon ma da ƙarfi, don 'yan dakon sun fara jin daɗin wasan. Amalanken ya daki siminti har tayoyin baya suka ɗaga. Hula ta yi tsalle ta faɗa can gaba. Alhaji Fasinja yana zaune daram.

Sai Sale ya kafa tasa. Ya ɗaure sukurun da kyau, har ya ƙara na biyu. Na gyara wa buhun zama daidai yadda na yi a nawa. Da amalanken ya daki siminti, ba mu ma ji ƙarar tsinkewar ba. Maƙalin roba ya tarwatse, buhun ya tashi sama da rigarsa, ya daki kan ginshiƙin ya fashe. Gero ya watsu har ƙafar Alhaji Tanko. Ba wanda ya yi dariya. Na ce musu su tuna gudun amalanken nan bai kai na mota a cikin kasuwa ba.

Wani dattijon direba ya ce buhu ba shi da wuya, ba shi da haƙarƙari. In mutum ne, wa ya san abin da igiyar za ta yi masa? Alhaji Tanko ya ɗago kai ya dube ni.

“Malam Habu, kai za ka zauna?”

Na cire hulata na ba Ilu. Na mayar da bel ɗina, na bi notunan da sufana ɗaya bayan ɗaya. Aka tura amalanken sama na hau. Daga can gangaren ya fi tsawo fiye da yadda yake daga ƙasa. Na zauna har ƙarshen kujera, na daidaita matashin kai, na shafe rigata kada ta dunƙule a ƙarƙashin igiya. Ta ƙasa a kan ƙashin ƙugu, ta sama tsakanin wuya da kafaɗa. Na ja ta ɗame, na tokare ƙafafuna, na yi bismillah, na ce su tura.

Abin da na ji shi ne kamar an buga mini faifan katako a ƙirji. Haƙorana suka haɗu, numfashina ya ɗauke na ɗan lokaci. Da idona ya washe, ga siminti a gabana, ni kuma ina kan kujera. Na sa yatsa ɗaya na danna makullin, ya buɗe, na sauko da ƙafata. Na ce wa mai cewa bel yana hana fita ya ga yadda ake fita. Na buɗe wuyan rigata. Jan shati ya fito tun daga ƙashin kafaɗa ya gangara ƙirji. Dattijon nan ya matso ya duba da kyau, ya ga bai taɓa wuya ba, ya koma wurinsa.

Alhaji Tanko ya daɗe yana kallon geron, tattabaru har sun fara sauka. Sannan ya tashi ya ce daga ranar Asabar mai zuwa, ba motar da za ta yi lodi a tasharsa sai Malam Habu ya fizgi bel ɗinta da hannunsa. Sale ya durƙusa yana taya Ilu kwashe geron. Da muka haɗu a masallaci ya ce mini shi wallahi bai taɓa zaton abin haka yake ba, jaka ya iya. Aikin da ya biyo baya ya fi ƙarfina ni kaɗai, sai muka raba: ledar kujera ta koma wurinsa da ma'aikatan nan nawa na da, ni kuma na riƙe bel da layi. Na sayo keke na mayar a gurbin wanda na sayar. Direbobin wasu tashoshin ma suka fara zuwa, wasu don aiki, wasu don kawai in buɗe musu wuyan riga su ga shatin kafin ya baje.

Ranar Asabar ɗin kuwa, da sassafe na isa tasha. Motoci sun yi layi. Ta farko ta riga ta cika da fasinja, an ɗaure kaya, ana jiran direba. 'Yan kamasho suka tare ni da fara'a, suna jan hannuna zuwa mota ta biyu, suna cewa wannan ta gaba ba sai an duba ba. Na tambaya ta wace ce. Suka ce ta Alhaji Tanko ce, shi da kansa zai ja ta yau. Na zame hannuna, na buɗe ƙofar direba, na kama bel ɗin na fizga. Ya biyo ni gaba ɗaya, da ɗan sukurunsa yana lilo a kai.

Direbobi suka taru. Alhaji Tanko ya taho daga wurin mai shayi da kofi a hannu. Ya dubi igiyar da ke hannuna, ya dubi direbobinsa da suka zuba masa ido. Ya miƙa wa wani kofin. Ya leƙa cikin motar ya ba fasinjoji haƙuri, ya ce su sauka su shiga wata mai lafiya a bayanta, a mayar musu da kayansu. Da motar ta zama wayam, ya saki birkin hannu, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya sa kafaɗa ya tura ta waje da layi shi kaɗai. Da 'yan kamasho suka rugo za su taya shi, ya ce su bari.

Na ci gaba da bin layi ina fizga, mota bayan mota, har rana ta ɗaga. Da na koma Ƙofar Wambai na tarar da motoci sun cika gaban rumfata har sun toshe wa Sale ƙofa. Ta Alhaji tana can ƙarshe. Shi kuma yana kan benci a tsakiyar direbobinsa, makulli a hannu, yana jiran a zo kansa.